Ku buɗe rajista, malaman yamma

Bayan La'asar, lokacin da kowa ke neman inda zai miƙe ƙafa, kai ka shimfiɗa tabarma a zaure, ka jingina allo da bango, yara sun zagaye ka. Wannan daga tashar mota ya fito, waccan ta ajiye farantin talla a bakin ƙofa. Ba albashi, ba alawus, allin ma daga aljihunka ya fito. Malam, Malama, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Roƙona guda ne: ku riƙa auna aikin nan, don kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta zama shaida.

A 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka, don yara maza da ake tsoron kada su lalace. Aka haɗa su bibbiyu, aka yi ƙuri'a: ɗaya a ba shi mai nasiha da darasi da zuwa sansanin hutu, ɗayan a bar shi yadda yake. Shekara 30 bayan kammala shirin, wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutum 506, ta fitar da sakamako a 1978. Da yawa daga waɗanda aka taimaka suka ce shirin ya amfane su. Takardun kotu da na asibiti suka ce a'a, har sun fi takwarorinsu shan giya da mutuwa da wuri. Daga baya ta gano abin ya fi muni ga waɗanda aka yi ta turawa sansani, inda kangararru ke cuɗanya. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Kada wannan ya kashe muku jiki! A Shikago, a 2009, an gwada shirin Becoming a Man da samari sama da 2,700, shi ma ta ƙuri'a. A shekarar, kamun da 'yan sanda ke yi wa mahalarta kan faɗa da ta'adi ya ragu da kusan rabi. Da ba a ƙirga ba, wa zai yarda?

Ku ba sai kun jira jami'a ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Ku rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ranar da yaro ya fara, a ba shi shafi ya karanta, bayan wata uku a sake ba shi. Wanda ya ɓace mako biyu, a taka har gidansu a tambayi mahaifiyarsa, don shi ne ainihin wanda aka buɗe ajin dominsa, kuma shi ne ba ya fitowa a hoton ranar rabon kyaututtuka. In lissafi ya nuna gyara, ku gyara ba kunya. In ya nuna nasara, ku kai wa mai unguwa da iyaye, kanku a sama.

Gobe da La'asar, kafin ku ɗauki alli, ku fara kiran suna.