Jeren Ɗaki: Fasaha Ce Ko Almubazzaranci?

Tambayar da nake so in jefa wa 'yan uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa ita ce: jeren da uwa kan yi wa 'yarta a ɗakin aure, fasaha ce da ta cancanci girmamawa, ko kuwa ɓarnar dukiya ce wadda ya kamata masu ilmi su yaƙa? Na zaɓi in kafa misali da Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari da ke maƙwabtaka da ita, domin a can wannan magana ta wuce ta hirar dandali.

Da farko dai, akwai wani reshe na fasaha da Turawa suke alfahari da shi, wato haɗa abubuwa iri dabam-dabam a aiki guda. A 1912 Picasso da Braque suka fara liƙa takardu da guntayen jarida a jikin zanensu a Faransa, aka ce sabon zamani ya zo. A zamaninmu kuma akwai Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, wadda takan haɗa fenti da gawayi da atamfa da tsofaffin hotunan danginta, ta fitar da surar falo ko teburin cin abinci na gida. A 2017 an sayar da wani aikinta a Landan kan fiye da dala miliyan 3. Abin da duniya ta saya a nan shi ne gida da uwa da zumunci, an tattara su a fuska ɗaya.

To, mu dawo Zakka. Tun yarinya tana tallar ƙuli-ƙuli uwarta ta fara tari. Ribar fura da daddawa, kuɗin adashi, 'yar akuyar da ta haihu, duk can suke tafiya. Yau ta sayi langa, baɗi tasa, wata shekara kumbo ko fanteka, ta ɓoye ƙarƙashin gado. Ran jere sai gwaggo da inna da yayye su riga amarya isa. A yi daɓe, a shafe bango da farar ƙasa, sa'an nan a shiga ɗora kwanuka, babba a ƙasa, ƙarami a bisa, ja kusa da fari, a ratsa da faifan kaba mai rini da ƙorai masu zane. A sauke, a sāke, a yi gardama, har sai ido ya gamsu. Ƙarfe da kaba da duma da yadi da ƙasa sun haɗu a bango guda. In wannan ba haɗa abubuwa iri dabam-dabam ba ne, mene ne shi?

Na san za a kawo suka, kuma uku daga ciki sun cancanci amsa.

Na farko, za a ce ai sayo kwanukan ta yi, ba ita ta ƙera ba. Haka ne. Amma Picasso ma bai buga jaridar da ya liƙa ba, kuma El Anatsui, wanda ya yi suna a Nsukka da ɗinka marafan kwalabe, bai ƙera marfi ko ɗaya ba. Gwanintar tana wajen zaɓe da tsarawa. Mata biyu za su sayi kaya iri ɗaya a kasuwar Batsari, jeren ɗaya ya tsayar da baƙo a bakin ƙofa, na ɗayar kuwa a wuce shi.

Na biyu, za a ce kayan amfani ne, fasaha kuwa don kallo ake yin ta. Wannan rabe-rabe baƙo ne a wurinmu. Ladi Kwali tulunan ruwa ta fara ginawa, a hannun 'yar uwar iyayenta ta koya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta ya hau takardar naira 20. Ɗaukar ruwa bai rage wa tulunta kyau ba. Balle ma da yawa daga kwanukan jere sai su shekara goma ba a zuba musu tuwo ba.

Na uku shi ne mai nauyi, wato almubazzaranci. A nan dole in yarda da malamai da dattawa a kan abu ɗaya. Jere yakan koma gasa. Uwa ta ci bashi don kada kishiya ko maƙwabciya ta yi mata dariya, uba ya jinginar da gona, yarinya ta daɗe a gida don an kasa haɗa mata gado da kabad. Wannan cuta ce, kuma daidai ruwa daidai tsaki shi ne maganinta. Sai dai kada mu yi wa abin kuɗin goro. Kayan ɗaki mallakar matar ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. In fari ya zo, ko ciwo, su take ragewa ta kai kasuwa. Uwar da ba ta da asusun banki, ba ta da takardar fili, ta samo hanyar da za ta miƙa wa 'yarta jari a siffar ado. Ni a ganina wannan hangen nesa ne.

Wanda yake shakka ya dubi abin da ya auku a yammacin Katsina. Shekaru da dama 'yan bindiga daga dajin Rugu suka addabi Safana da Batsari da satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, aka ƙone gidaje. Iyalai suka watse zuwa garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina. Idan shanu sun tafi, rumbu ya ƙone, abin da kan rage a sayar don abinci ko kuɗin fansa sau da yawa shi ne abin da uwa ta tara. Inda kuwa wuta ta ci ɗakin, an yi hasara biyu. Dukiya ta tafi, aikin shekara goma sha biyar ma ya tafi, babu hoto, babu rubutu, babu wanda ya san irin tsarin da aka yi.

Nan ne laifinmu yake, mu da muka zo jami'a. An koya mana cewa aiki ba ya zama fasaha sai mai shi ya sa hannu a gefe, an rataye shi a zauren baje koli. Da wannan ma'auni muke jinjina wa baƙo, mu raina uwar da ta goya mu. Alhali tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna kira a koma ga fasahar gida a gina sabo a kanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara. Duk wanda ya je hutu ya nemi izinin iyaye mata, ya zauna da su, ya rubuta sunayen kayan jere da yadda ake tsara su da dalilin kowane tsari, in an yarda ya ɗauki hoto. Mu yaƙi gasa da bashi iyakar ƙarfinmu, amma mu ba masu jere sunan da suka cancanta, wato gwanaye. Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.