Sunan da ke kan anini

A tsofaffin gidajen Tambuwal da Dogon Daji, har ƙauyukan Kebbe, idan tsohuwa ta rasu aka buɗe adakarta don rabon gado, ba wuya a tarar da ƙullin tsumma can ƙasan kaya. A kwance shi a ga aninai da kwabbai masu huda a tsakiya, duk sun yi baƙi. Babu ɗan kolin da zai karɓe su yau, alhali ran da ta ƙulle su guminta ne, wataƙila na kaɗi, wataƙila na dakau.

Kafin yara su kwashe su zuwa wasa, ɗauki ɗaya ka goge shi da toka. A fuska guda akwai tauraro mai tsini shida da shekarar da aka buga shi. A ɗayar akwai kambi, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa, da sunan sarkin Ingila da boko a kewaye. Babu hoton kowa, don haka da suna da shekara ake rarrabe su. Na farko sun fito a 1907, shekara huɗu bayan Turawa sun ci Sakkwato, ɗauke da sunan Edward na Bakwai, wanda ya mutu a 1910. Sai George na Biyar, shi kuma a 1936 ya tafi. Wanda ya gaje shi, Edward na Takwas, bai cika shekara a kan gado ba ya sauka, amma an riga an buga sunansa a kan aninai da kwabban ƙasarmu, suka yi ta yawo a kasuwanni shekaru da yawa bayan mai sunan ya zama talakan ƙanensa. Wannan kwabo na 1936 ya fi sauran taɓa mini zuciya.

Haka abin yake a gabashin duniya. Tsofaffin kuɗin Sin da na Biyetnam kusan kamarsu ɗaya: kewayayyu ne, hudarsu mai kusurwa huɗu, da haruffa huɗu na rubutun Sin da ake karantawa daga sama zuwa ƙasa, sannan dama zuwa hagu. Biyun farko sunan zamanin sarki ne, kuma a nan masana ke gane ƙasar da kuɗin ya fito. Idan aka karanta Kangxi ko Qianlong, na Sin ne, kuma a bayansa za a ga rubutun Manchu na gidan sarautar Qing. Idan Gia Long ne, ko Minh Mang, ko Tu Duc, na Biyetnam ne, sau da yawa ba komai a bayansa. Kangxi ya shekara 61 yana mulki, Qianlong 60. Bao Dai, sarkin Biyetnam na ƙarshe, ya sauka a 1945, ya mutu a Faransa a 1997. Mai dogon zamani da mai gajere, yau duk a faifai ɗaya masu tara tsofaffin kuɗi ke juya sunayensu.

Su dai an san sunayensu. Manomin da ya kai gero kasuwa ya karɓo aninin nan fa, da wanzamin da aka ba shi ladan aski, da almajirin da aka miƙa wa sadaka a ƙofar masallaci? Hannu dubu nawa ya ratsa, kowanne yana cewa nawa ne? Ko kushewarsu ba a sani ba. Kuɗin ma kansa ya mutu. Wuri ya kau, anini ya bi shi, fam da sule suka ba naira da kwabo wuri ranar 1 ga Janairu 1973, ga shi yau kwabon ma sai a bakin dattawa.

Ban ce neman halali laifi ba ne, ko tanadi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke ƙulle haƙƙin mutane tare da namu, muna cewa sai bayan girbi, sai an sayar da sa, kamar an ba mu takardar kwanakinmu.

Ɗan'uwa, bashin da ke kanka ka biya shi tun kana iya ƙirgawa da hannunka, wanda ya gagara ka rubuta shi ka sa shaidu. Ka fitar da zakkar bana. Gadon marayun da ke hannunka ka kira malamai a raba, kada ka bar wa 'ya'yanka rigima. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.