Lauje a Cikin Jini: Ƙaddara da Riƙon Sababi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗigon jini ta madubin likita ya san cewa jajayen ƙwayoyinsa, a bisa asalin halitta, kewayayyu ne masu taushi, suna lanƙwasawa su ratsa ƙananan jijiyoyi har kimanin kwana 120. Amma a jinin mai sikila, wato amosanin jini, sai a tarar waɗansunsu sun ƙage sun tanƙware kamar lauje, suna toshe hanyar jini, suna jawo azabar ciwon ƙashi, ba su kuma cika wuce kwana 20 ba. Likita James Herrick ne ya fara siffanta su a Amurka a 1910.

Mai gaggawa zai ce wannan siffa sharri ce tsantsa. Sai dai a 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa wanda ya gaji sikila ta gefe guda kawai, wato mai AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ashe gadon da yake kwantar da yaro guda shi ne ya tsare 'yan'uwansa, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu na sauro. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali saurin yanke hukunci a kan hikimar Ubangiji.

To, amma daga nan waɗansu suke zamewa, su ce tunda ƙaddara ce, gwajin jini kafin aure shisshigi ne da raunin tawakkali. Ni ban ga hujjarsu ba. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma tana cikin abin da Allah ya ƙaddara. Kakanninmu da suka yi ta binne 'ya'ya, a kira uwar mai wabi, suna da uzurin rashin sani. Mu kuwa da aka sanar da mu cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da mai SS, wato wanda ya gaji sikila ta gefe biyu (kowane ciki daban, ba wai ɗa guda cikin 'ya'ya huɗu ba, kamar yadda akan yi kuskuren fahimta), wannan uzuri ya faɗi a kanmu.

Jihar Kano ta wajabta gwajin da doka a 2024, wannan kuwa ya kyautu. Sai dai takardar da aka karɓo ana saura mako guda ɗaurin aure, an riga an kai lefe, an raba goro, zukata sun shaƙu, da wuya a sami waliyyin da zai iya aiki da ita. Muhallinta tun kafin magabata su je neman aure ne.