Idan Mindar Baba Ta Ɓace

A gidaje da yawa na ƙasarmu akwai wata 'yar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a cikinta kuwa akwai littafin sallama na soja da minda biyu ko uku, wato lambobin girma na yaƙi, an naɗe su cikin tsumma. To, a ce wata rana ɓarawo ya shiga, ko gobara ta ci ɗakin, aka duba babu su. 'Ya'yan gidan suka ce za su nemo wa baba waɗansu. Daidai ne su yi haka? Sabuwar da za su kawo, gaskiya ce ko kuwa jabu?

Bari mu ɗauki minda guda wadda aka sani sosai, Tauraron Bama. Ba Bama ta Barno na ke nufi ba, ƙasar nan ta gabashin Indiya wadda a ke kira Myanmar yanzu. A shekarar 1943 Ingilishi suka haɗa runduna ta 81 da ta 82 daga sojan Nijeriya, da Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya, aka kai su ƙetaren teku su yaƙi Japanawa. Cikin sojan Nijeriya Hausa ce harshen bariki, ko ga wanda ba Bahaushe ba. Suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan, suka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945. Har wa yau akwai barikoki a Legas masu sunan Myohaung da Arakan, a Zariya kuma akwai na Chindit. Wanda ya yi aiki a wannan fage tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ya kuma cika ƙa'ida, shi a ke ba tauraron nan mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe.

Wani zai ce, ai wadda ta ɓace ita ce ta baba, kowace aka kawo bayanta baƙuwa ce. Maganarsa tana da nauyi, amma mu duba ta da kyau. Ƙarfen nan bai taɓa zuwa Bama ba. Bai sha ruwan damina a kurmi ba, bai ji ƙarar bindiga ba. Sai da aka gama yaƙi kana aka raba shi. Abin da ya fi wannan ma, mindar Yaƙin Duniya na Farko tana da sunan mai ita da lambarsa a jikinta, amma ta yaƙi na biyu wadda gwamnatin Ingila ta raba, ba a sassaƙa sunan kowa a kanta ba. Da za a zuba ɗari a tabarma, ba wanda zai iya ware tasa sai da wata alama da shi kansa ya yi. Ashe girman yana cikin tafiyar da mutumin ya yi, da sunansa da ke rubuce a littafin runduna. Minda shaida ce kawai, kamar takardar gona. In takarda ta ƙone gona tana nan, wanda ya je ya karɓo wata kuwa bai yi wa kowa ƙarya ba.

Duk da haka ba zan ce ba a yi hasarar kome ba. Tsohuwar ta san hannun baba. Shekara sittin ko saba'in yana goge ta, ƙyallenta ya koɗe a ƙirjinsa, jikoki sun ɗauke ta sun yi masa tambaya. Wannan ba ofishin da zai mayar. Wanda ya ce wa tsoho, "Baba, kada ka damu, ai duk ɗaya ne," bai fahimci abin da tsohon ke kuka a kai ba.

A nan ne kuwa jaraba ta ke shigowa, gama tana zuwa ne da tufafin ƙauna. 'Ya'ya su kan ce, idon baba ya yi rauni, mu sayo wata mu sa a akwatin, kada ya sani, don kada zuciyarsa ta ɓaci. Ni dai ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya haye teku yana saurayi, ya binne abokansa a ƙasar da ba tasu ba, ya iya jin labarin ɓarawo. In muka ruɗe shi mun mai da shi yaro, mun kuma ƙwace masa ikon faɗin abin da za a yi da kayansa. Watakila ya ce a nemo. Watakila kuma ya ce a bari. In kuwa ya shafa sabuwar ya ji ba ita ba ce, ya yi shiru don kada ya kunyata 'ya'yansa, to, gidan ya cika da mutane masu ɓoye wa juna magana.

Akwai kuma maganar inda za a samo ta. Masu sayar da kayan dā suna da tsofaffin minda na gaske. Amma kowace ɗaya daga cikinsu ta wani uba ce, wa ya sani ko daga akwati irin tamu ta fito? Mai sayenta yana ƙara wa ɓarawo ƙarfin gwiwa. Hanya mai tsabta ita ce a rubuta wa hukumar da ta ba da ita tun farko. Ofishin minda na Ma'aikatar Tsaro ta Ingila ya kan sake ba da ta yaƙi na biyu in an sace ta ko gobara ko ambaliya ta hallaka ta, amma sai an nuna shaida, kamar takardar 'yan sanda, a kuma biya kuɗi. Ta yaƙin farko ba su sakewa. In wannan hanya ta gagara, ana yin kwaikwayonta don ajiya a gida, ba laifi, muddin an gaya wa kowa kwaikwayo ce. Sai dai kada ɗa ya ga guri a katako ya ƙara wa ubansa wadda bai ci ba. Al'adar soja kuwa ita ce mai minda ya rataya ta a ƙirjin hagu, ɗansa ko matarsa in za su sa ta ranar tunawa, sai a dama, don kowa ya gane ba su ne suka je ba.

Na san akwai mai cewa, me ya sa za mu wahala a kan ladan 'yan mulkin mallaka? Ba a banza ya ke faɗi ba. An biya baƙin soja kuɗin sallama ƙasa da na Turawa. A Ankara, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin soja suka yi jerin gwano za su kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku daga cikinsu. A Kenya kuma, zamanin tawayen Mau Mau wanda ya tashi a 1952, waɗansu suka zubar da mindarsu da hannunsu don tsoron kada a gan su da kayan Bature. Amma ga abin lura: cikin 2023 Sarkin Ingila Charles na Uku ya je maƙabartar soja ta Kariokor a Nairobi, ya miƙa wa kaɗan daga cikin waɗannan tsofaffi sababbi, suka kuwa karɓa. Su ne suka zubar, su ne suka karɓa, ba wanda ya isa ya yanke musu. Ɗan da ke jin haushin Bature yana da hujja, amma ba shi ya kwana a ramin Kaladan ba.

Wanda ya tafi Bama yana da shekara ashirin a 1944 ya wuce ɗari yanzu, saboda haka yawancinsu sun riga mu. A irin wannan gida sabuwar minda ta jikoki ce, kuma ba ta iya magana. Jikan da bai san sunan runduna ba zai gan ta kamar kwabon dā. Don haka in littafin sallama ya tsira, a kwafe shi a ba kowane ɗa, gama lambar soja da ke ciki ita ce hukuma za ta fara tambaya. In kuwa tsohon yana da sauran numfashi, ko na Bama ne, ko na Kwango inda sojanmu suka yi aiki daga 1960 zuwa 1964, a zauna kusa da shi da alƙalami tun kafin a rubuta wa kowane ofis. A tambaye shi jirgin da ya ɗauke su, da abin da suka ci a kurmi, da sunayen waɗanda aka tafi da su ba su komo ba.