Jan Harafi a Ƙirjin Mace

'Yar'uwa, akwai wani littafin Amurka, The Scarlet Letter, na Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito a 1850. A cikinsa mutanen Boston sun tilasta wa Hester, da ta haihu ba da mijinta ba, yawo da jan harafi a ƙirji, jan nan alamar zunubi. Uban 'yar kuwa limamin cocinsu ne, yana cikin baƙar rigarsa ana ta girmama shi.

Mu a Kawo ba ma ɗinka harafi, da baki muke liƙa shi, a gidan suna ko a hanyar Islamiyya. Alhali Suratun Nur shaidu huɗu ta nema, in babu, bulala 80 ga mai ƙazafi. Hester dai da jaririya a hannu aka ganta. Ke me kika gani kafin ki ce wance?