Buhun Yashi da Tawakkali: A-kori-kura a Kan Ƙanƙara

Motar a-kori-kura mai ja da ƙafafun baya tana da wani rauni da ba ya bayyana sai hanya ta yi santsi. Injinta yana gaba, direba da fasinjansa suna gaba, amma tayoyin da ke tura ta suna can baya, ƙarƙashin bodin da sau da yawa babu komai a cikinsa. Riƙon da taya ke yi wa hanya kuwa ya danganta da abu biyu, wato irin abin da ta taka da kuma nauyin da ya danne ta. A kan busasshiyar kwalta babu mai lura da wannan. A jihar Minesota ta Amurka ko lardin Manitoba na Kanada, inda dusar ƙanƙara ke kwance a hanya tun daga Nuwamba har Maris, lamarin ya sha bamban. Direba zai taka totur, tayoyin baya su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya, ko kuma a kan kwana bayan motar ya zame gefe kamar zai riga gabanta wucewa. Direbobin Peugeot 504 a-kori-kura na ƙasar Hausa sun san ɗan'uwan wannan abu a taɓon damina, inda mai lodi ke ratsawa ta wuce, wadda ba ta da kaya kuwa ta tsaya tana feshin laka.

Maganin farko da mutanen waɗancan ƙasashe suka saba da shi shi ne ƙarin nauyi. Kafin sanyi ya kankama, shagunan kayan gini kan jibge dogayen buhunan yashi, kowanne kusan kilo 30, masu a-kori-kura su saya su ɗora abin da ya kai kilo 100 zuwa 200, gwargwadon girman motar. Inda za a ajiye su ya fi yawansu muhimmanci. Wurinsu shi ne daidai saman ƙafafun baya, ko ɗan gaba kaɗan. In aka tura su can bakin ƙofar bodi, sai su ɗage gaban motar, sitiyari ya yi sakayau, bayan kuma ya riƙa lilo a kan kwana. Dole a ɗaure su tamau, domin abin da aka bari sake a bodi yakan taso da ƙarfi ya nufo ɗakin direba idan aka yi karo. An fi son yashi a kan bulo ko ƙarfe saboda yana da amfani na biyu: ranar da mota ta maƙale, sai a farke buhu ɗaya a barbaɗa a ƙarƙashin taya.

Taya ta fi yashi tasiri. Robar taya ta yau da kullum tana fara taurara da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta daina manne wa hanya. Tayar hunturu an haɗa robarta ne don ta zauna da laushi a cikin tsananin sanyi, kuma an tsattsaga fuskarta da ƙananan yanka masu cizon ƙanƙara. Ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, a jikin gefenta. Ana sa ta a ƙafa huɗu duka, domin wanda ya sa biyu a baya kaɗai ya sami motar da ke tashi lafiya amma ba ta jin sitiyari, ba ta jin burki. Lardin Kebek ya mayar da wannan doka, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Saura kuma aikin bakanike ne da aka sani. Batir yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa a digiri 0, ya rasa fiye da rabi a digiri 18 ƙasa da sifili. Ruwan lagireto ana gauraya shi rabi da rabi da sinadarin hana daskarewa, wanda ke kare injin har wajajen digiri 37 ƙasa da sifili. Iskar taya tana raguwa da saukar sanyi, sai an riƙa aunawa. A birane irin su Winifeg za a ga wayar lantarki na leƙowa daga gaban motoci, ana jona ta da dare don injin ya kwana da ɗumi.

Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma ga Musulmin da ke zaune a can, ko ma duk wanda ya yi imani da ƙaddara, akwai tambayar da ke biyo baya. Idan ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya, me buhun yashi zai ƙara? Shin wanda ya cika shiri bai nuna ƙarancin dogaro ga Allah ba? Tambayar ba ta banza ba ce, kuma ba malalaci kaɗai ke yin ta ba. Akwai masu tsoron Allah na gaskiya da ke jin kamar yawan lissafin haɗari wani nau'i ne na mugun zato ga Ubangiji.

Tun zamanin farko aka yi ta. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali, ko kuwa ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi da ya haɗa ɗaurewar da tawakkalin. Rayuwar Annabi kanta haka ta gudana. A hijirar shekarar 622 ya ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur. A yaƙin Uhudu sulke biyu ya saka. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa aikin hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka kuma sai su koma roƙon mutane, har aka saukar da umarnin yin guzuri a cikin Suratul Baƙara.

Wanda ya fi fito da asalin matsalar fili shi ne Sayyidina Umar, lokacin annobar Amwas, wajajen shekarar 639. Ya kama hanyar Sham, ya isa Sarg, labarin annoba ya riske shi, ya yi shawara ya yanke juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa inda za a gudu ɗin ma ƙaddarar Allah ce, ya kuma kawo misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk wanda ya zaɓa ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya yi kiwo. A nan kuskuren tambayar farko yake. Mai tambaya ya ɗauka cewa ƙaddara ta rubuta ƙarshen tafiya kaɗai ta bar abin da ke tsakani, alhali santsin ƙanƙara, da laushin robar taya, da hankalin da ya gano alaƙarsu, duk suna cikin abin da aka rubuta. Mutum bai san abin da aka ƙaddara masa a hanyar gobe ba. Abin da ya sani shi ne abin da aka umarce shi, da kuma yadda Allah ya tsara halittarsa take tafiya.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa tauhidi da tawakkali littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma rabon da ya yi wa sabubba yana da amfani ƙwarai a nan. Ya kasa su uku. Akwai tabbatattu, waɗanda Allah ya ɗaura sakamako a kansu ba sa saɓawa a al'ada, kamar ruwa ga mai ƙishirwa; barinsu ba tawakkali ba ne, kuma haramun ne in ana tsoron halaka. Akwai waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar shan magani. Riƙo da su ba ya warware tawakkali. Akwai kuma na wahami, waɗanda zuciya ke rataya a kansu ba tare da hujja mai ƙarfi ba, kuma su ne mai tawakkali ke bari.

In aka auna shirin a-kori-kura da wannan ma'auni, abubuwa sukan faɗa wurarensu. Ruwa zalla a cikin injin da zai kwana a digiri 30 ƙasa da sifili zai daskare, ya kumbura, ya iya tsaga ƙarfen. Don haka gauraya ruwan da sinadarin hana daskarewa yana kusa da sababi tabbatacce, kuma wanda ya bar shi da sunan dogaro ga Allah yana neman a karya masa tsarin halitta ne saboda kasalarsa. Tayar hunturu da buhun yashi suna cikin kashi na biyu: ba su lamunce wa kowa isa lafiya ba, amma amfaninsu sananne ne, an gwada an gani. Kashi na uku ma yana da mutanensa, irin mai tara kayan ƙawa da ɗan kasuwa ya yi masa romon baka a kansu, ko wanda ya loda yashi har ya wuce nauyin da aka rubuta a jikin ƙofar motar, yana zaton yawa shi ne tsira, alhali nauyin da ya wuce kima yana tsawaita tazarar tsayawa ne.

Sai dai akwai inda misalin magani bai kai ba. Gazali ya bar wa mutum sarari a kashi na biyu, domin wanda ya ƙi shan magani jikinsa ne ke ɗaukar sakamakon. Hanya ba haka take ba. A-kori-kura babba, irin Ford F-150, tana da nauyin tan 2 ko fiye, kuma a kan ƙanƙara tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana iya ninka ta busasshiyar hanya har sau 10. Idan ta zame, wanda za ta faɗa wa yana iya zama yaro a bakin titi ko iyali a ƙaramar mota, waɗanda ba a yi shawara da su ba lokacin da mai motar ya yanke cewa tsofaffin tayoyinsa sun isa. Ƙa'idar fiƙihu da ta hana cuta da cutarwa ta shigo nan kai tsaye. Mutum yana iya yafe haƙƙin kansa, amma ba shi da ikon yin tawakkali da ran wani. Wannan ne ma ya sa dokar Kebek ta dace da hankalin Musulmi ba tare da wani tawili ba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a waɗancan ƙasashe ranar da dusar farko ta sauka layin masu sauya taya yakan yi tsawon da mai jinkiri zai yi kwanaki yana yawo da motar da bai kamata ta hau titi ba.

Akwai rami na biyu a ɗaya gefen hanyar, kuma wanda ya shirya ne ke faɗa masa. Masanin tattalin arziki Sam Peltzman ya yi rubutu a 1975 yana nuna cewa direbobi kan cinye wani ɓangare na amfanin kayan kariya ta hanyar ƙara ganganci, saboda sun ji sun aminta. An yi ta muhawara kan girman wannan tasiri, amma halin kansa sananne ne ga duk mai tuƙi. Wanda ya sa sabuwar taya ya ɗaure yashinsa yakan ji motar ta zauna daram, sai ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan totur. Masu mota mai ja da ƙafa huɗu sun fi kowa shiga wannan tarko, domin jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi ne, ba ya ƙara komai a wajen tsayawa. Ga kuma baƙar ƙanƙara, siririn ɓawon da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganinsa, wanda ya fi samuwa a kan gada saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa, ta riga sauran hanya daskarewa. Malamai sun daɗe suna cewa riƙo da sababi aikin gaɓɓai ne, tawakkali kuwa aikin zuciya, kuma zuciyar da ta jingina ga sababin kansa ta kauce. A kan ƙanƙara ana ganin wannan da ido. Direban da ya san kayansa ba su da tabbas shi ne ke tashi a hankali, ya bar tazara mai yawa, ya taka burki tun da nisa, in bayan motar ya fara zamewa ya sassauta totur ya karkata sitiyari inda yake son gaban ya nufa, ba tare da firgita ba. Shi ne kuma ke iya duba hasashen yanayi ya ce yau ba fita.

Bayan duk wannan akwai abin da ya rage a wajen ikon kowa. A ranar 11 ga Fabrairu 2021, a babbar hanyar da ta ratsa birnin Fot Wat na jihar Tekzas, motoci sama da 130 sun yi karo da juna a kan ƙanƙara, mutum 6 suka rasu, kuma a irin wannan cinkoso wanda ya tsaya lafiya ma na baya na iya murƙushe shi. A Disambar 2022 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe fiye da mutum 40 a yankin Bafalo na jihar Niyok, wasunsu a cikin motocinsu. Saboda irin wannan rana ake ajiye bargo, da shebur, da tocila, da wayar tayar da batir, da ruwan sha da ɗan abinci a bayan kujera, kuma ba a barin tanki ya sauka ƙasa da rabi. Wanda ya maƙale ana ba shi shawarar ya zauna cikin motar maimakon ya kama tafiya a ƙasa cikin farin da ba a ganin gaba, ya riƙa tayar da injin na ɗan lokaci don ɗumi yana kashewa, ya ɗan sauke gilashi, kuma kafin kowace tayarwa ya fita ya share dusar da ta toshe bakin salansa, domin hayaƙin da ya rasa mafita yakan dawo ciki, ba shi da wari, yana kashe mutum yana zaune. In ya yi wannan ya gama abin da ke hannunsa, sauran jira ne da addu'a har masu share hanya su iso.