Mai Kawo Magani, Me Ya Ke Nema?

Idan baƙo ya kawo magani kyauta, mace a Soron Ɗinki cikin birnin Kano ta kan tambaya, "Me su ke nema a wurinmu?" Kada mu yi mata dariya, gama tana da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin magani a Kano da yara wajen 200, 11 kuwa suka mutu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, mutane da yawa ba su manta da wannan ba.

To, in mai kawo maganin ba shi da ƙarfi fa? Ga Kuba, tsibiri ne mai mutane wajen miliyan 10, ba ta da arziki. Duk da haka tun 1963 ta aika da likitoci Aljeriya. A 2014, sa'ad da cutar Ebola ta sa manyan ƙasashe jinkiri, ta aika da ma'aikatan lafiya 165 Saliyo a tashi ɗaya.

Waɗansu sun ce suna ta ke nema. Sun kuma ce a ƙasashen da ke biyan kuɗin aikin, gwamnatinta ce ke riƙe kaso mafi tsoka, likitan ya sami kaɗan. Wannan zargi yana da nauyi, ba kuwa za mu rufe shi ba, gama Yaƙub 5:4 ya yi wa masu danne hakkin ma'aikaci kashedi mai zafi. Ƙanƙantar ƙasa ba ta wanke ta.

Amma zuciyar gwamnati, wa ya taɓa ganinta? Ko tamu ma, ranar baiko, ba kullum ta ke fara tas ba. In sai mai tsarkin nufi za mu karɓi magani daga hannunsa, yaranmu za su mutu muna jira. A ganina tambayar matar nan daidai ce, sai dai a ƙara mata biyu waɗanda ido ke iya gani: ya faɗa mana gaskiyar abin da ya kawo? Ya yarda hatsarin ya taɓa jikinsa? Basamariyen nan na Luka 10 daga al'ummar da aka raina ya fito, Ubangiji kuwa bai yi maganar nufinsa mai tsawo ba. Ya ce ya ji tausayi, sa'an nan ya nuna mana hannunsa a kan raunin da kuɗinsa a masauki.

Wani likitan Kuba, Félix Báez, ya kamu da Ebola a Saliyo a Nuwamba 2014. Aka kai shi Janeba, ya warke. Farkon 2015 ya koma Saliyo, wurin marasa lafiyarsa.